Conques: ƙauyen Faransa da baƙi suka gina, talauci ya adana

A kudancin Faransa, cikin gundumar Aveyron, akwai wani ƙauye da ake rubuta sunansa Conques, a furta shi Konk. Mutanen da ke zaune a cikin tsohon garin shekara zagaye ba su cika ɗari ba. Ko an haɗa da 'yan gidajen gona da ke warwatse a kewayensa, lissafin bai kai 300 ba. Amma a tsakiyar wannan ɗan ƙauye akwai coci mai tsawon mita 56, rufinsa na ciki ya yi sama mita 22, ga kuma taskar kayan zinariya da azurfa wadda samun irinta a duk Turai sai an tona. Baƙi wajen rabin miliyan ke zuwa kallo kowace shekara. Duk wanda ya ji wannan dole ya tambaya: su wa suka yi wannan gini, da kuɗin wa, kuma don me a lungun da ko layin dogo bai ratsa ba? Akwai kuma tambaya ta biyu wadda ta fi ta farko wuyar amsawa, wato yadda aka yi kayan suka kai yau, a ƙasar da yaƙe-yaƙe da juyin juya hali suka cinye mafi yawan irinsu.

Ƙasar da ba ta ciyar da mai ita

Aveyron tana gefen kudu na tsaunukan da ake kira Massif Central, tsohon doron duwatsun da ya mamaye tsakiyar Faransa. Sunan yankin na da shi ne Rouergue, babban birninsa Rodez, kuma daga Rodez zuwa Conques tafiyar kusan kilomita 40 ce ta arewa maso yamma. Matafiyi zai bi gefen kogin Dourdou, wanda ruwansa ke rinewa ya yi ja bayan an sheƙa ruwan sama saboda jar ƙasar da ya ratso, ya shiga wani matsattsen kwari. A daidai inda wata 'yar ƙorama mai suna Ouche ke zuba a cikin Dourdou, kwarin ya ɗan buɗe, to a jikin gangaren da ke kallon rana aka kafa garin. Kilomita kaɗan gaba, ta arewa, Dourdou ya faɗa cikin babban kogin Lot.

Babu fili a Conques. Gidan da ka shiga ta ƙofar da ke bakin titi, in ka leƙa ta tagar ɗaya ɓangaren sai ka tarar kana bene. Titunan duwatsu ne aka jera, wasu ma matakala ce zalla, kuma wanda ya hau titin da ake kira Rue Charlemagne daga bakin kogi zuwa ƙofar coci sai ya tsaya ya huta. Ƙasan gidajen da toka-tokan dutsen wurin aka gina shi, irin mai ɓarewa falle-falle, saman kuwa katako ne aka gicciya aka cike tsakaninsa da yumɓu. Rufin ma wannan dutsen ne, a fere shi sirara-sirara a jera wani kan wani, shi ya sa in ka hango garin daga tudun Bancarel da ke tsallake, launinsa da na dutsen da yake kai kusan ɗaya ne.

Abin lura shi ne wannan ƙasa ba ta noma ba ce. Turɓayar ba ta da kauri, ga tsami, alkama ba ta son ta. Abin da talakan yankin ya rayu a kai shekaru aru-aru shi ne wani dangin alkama mai jure ƙasa mara ƙarfi, da 'yan kuringar inabi a kan gandun da aka daddatse da duwatsu, da kuma 'ya'yan wani babban itace da Faransawa ke kira châtaignier. 'Ya'yan nasa masu ɓawo ne, girmansu bai kai goro ba, ana busar da su da hayaƙi a wasu 'yan ɗakunan dutse masu hawa biyu, wuta a ƙasa 'ya'yan a sama, sannan a dafa ko a niƙa a yi gari. Har yau ana ganin waɗannan ɗakunan busarwa a gefen garin, kuma za mu sake haɗuwa da su a gaba. Abin da wurin ke da shi dai uku ne: idanun ruwa masu yawa, kariya daga iskar arewa mai sanyi, da ɓuya. Manomi ba zai zaɓi nan ba. Mai gudun duniya ne zai zaɓe shi, kuma haka aka yi.

Ƙasusuwan da aka ɗauko daga Agen

A ƙarshen ƙarni na 8 wani mutum mai suna Dadon ya keɓe kansa a wannan kwari don ibada. Wasu suka biyo shi, aka kafa gidan 'yan zuhudu, wato mazan Kirista da ke barin aure da dukiya su zauna wuri ɗaya ƙarƙashin shugaba ɗaya. Sarki Louis, ɗan Sharlaman (Charlemagne, babban sarkin da ya mallaki yawancin yammacin Turai), ya ba gidan kariya da kyautar filaye a wata takarda ta shekarar 819. Sai dai a 838 wani sarkin, Pépin na Aquitaine, ya ba su wuri a Figeac, inda ƙasa ta fi kyau kuma hanya ta fi sauƙi, har da yawa daga cikinsu suka koma can. Nan ne Conques ta ga alamar mutuwa tun tana jaririya.

Don a gane abin da ya biyo baya, sai an fahimci yadda Turan wancan zamani take. Kiristocin lokacin sun yi imani cewa ƙasusuwan waliyyi, musamman wanda aka kashe saboda addini, suna ɗauke da albarka, suna warkar da cuta, suna kare gari. Gidan zuhudun da ke da shahararren waliyyi shi ke samun maziyarta, maziyarta su ke kawo sadaka, masu mulki kuma su ba da gonaki don a riƙa yi musu addu'a. Wanda ba shi da shi sai ya zauna da yunwarsa. Conques ba ta da kowa.

A birnin Agen kuwa, tafiyar kwanaki ta yamma, akwai kabarin wata yarinya mai suna Foy, wadda ruwayar coci ta ce shekararta wajen goma sha biyu aka kashe ta a 303, zamanin da daular Rum ke gallaza wa Kirista, saboda ta ƙi yin yanka ga gumaka. Wajen shekarar 866 ƙasusuwanta suka bar Agen suka bayyana a Conques. Labarin da su 'yan zuhudun suka rubuta da hannunsu shi ne, sun tura ɗayansu ya saje da malaman cocin Agen, ya zauna shekara goma har aka amince masa aka ba shi gadin kabarin, ranar wani biki da kowa ya tafi cin abinci ya fasa ya kwashe ya gudu. Ba su ɓoye ba, alfahari ma suke yi, domin a tunanin zamanin in waliyyiya ba ta yarda a ɗauke ta ba, babu mai iya ɗaga ta. Wasu masana tarihi na ganin labarin ado ne aka yi masa daga baya, wai an kai ƙasusuwan cikin duwatsu ne don a tserar da su daga maharan Viking masu shigowa ta koguna, daga nan Conques ta ƙi mayarwa. Ko wanne ne gaskiya, a wurina sata ce ko cin amana, kuma a kanta aka ɗora duk abin da ake zuwa kallo yau. Bai kamata kyan ginin ya sa a manta da wannan ba.

Wani ɓangare na ƙoƙon kan yarinyar aka sa a cikin mutum-mutumi mai tsayin santimita 85, a zaune kan karaga, cikinsa itace, jikinsa kuwa an lulluɓe shi da zinariya da duwatsu masu daraja. Fuskar ba ta yarinya ba ce ko kaɗan. Masu bincike sun nuna kan ya girmi sauran jikin da ɗaruruwan shekaru, daga ƙarshen zamanin Rum ya fito, aka same shi aka ɗora. Idanun manya ne, a buɗe, suna kallon gaba ba ƙiftawa. Ka ƙaddara baƙauyen da bai taɓa ganin zinariya ba ya shigo cikin duhun coci, hasken kyandir na rawa a kan wannan fuska.

Ko a cikin Kiristocin lokacin akwai waɗanda abin bai kwanta musu ba. Wani malami daga arewa, Bernard na Angers, ya zo a 1013 don ya ga abin da ake ta faɗa, ya kuma rubuta cewa da farko ya ɗauki wannan al'ada ta mutanen kudu tamkar ragowar bautar gumaka. Daga baya ya sauya ra'ayi, har shi ne ya tattara labaran karamomin da ake jingina wa Foy. Cikinsu akwai na Guibert, wanda aka ce an ƙwaƙule masa idanu suka dawo, da na fursunonin da sarƙoƙinsu suka tsinke. Akwai kuma labarai da dama na yadda waliyyiyar ke zuwa wa mata masu hali a mafarki tana neman zobe ko awarwaronsu na zinariya. In wani mai ƙarfi ya cinye gonar gidan zuhudun, sai a ɗauko mutum-mutumin a kafaɗa, da ƙaho da kuge, a kai shi har gonar a ajiye. Mai karatu zai iya gane wa kansa yadda imani da neman dukiya suka cakuɗe a nan, kuma rubutun Bernard ɗin shi ya kai sunan Conques nesa.

Hanya ta biyo ta ƙofar gida

Sa'a ta biyu ita ce hanyar Santiago de Compostela, a arewa maso yammacin Sifen, inda Kirista suka yi imani an binne Yaƙub, ɗaya daga almajiran Annabi Isa (AS). Tun a shekarar 950 bishop, wato babban limamin coci, na garin Le Puy, Godescalc, ya yi wannan tafiya, kuma a hankali hanyar da ta taso daga Le Puy ta zama ɗaya daga manyan hanyoyi huɗu da ke ratsa Faransa zuwa can. Daga Le Puy zuwa Conques wajen kilomita 200 ne, tafiyar kwana goma da ƙafa, ciki har da tsallake tudun Aubrac mai sanyi da hazo. Daga Conques kuma akwai sauran fiye da kilomita 1,200. Bahaushe ba baƙon wannan ba ne: kakanninmu da suka tafi Makka da ƙafa ta Chadi da Sudan sun san yadda zango ke zama gari, mai masauki da mai abinci da mai gyaran takalmi duk su samu abin yi. Haka Conques ta zama, ga masu zuwa don Foy kanta, ga masu wucewa zuwa Sifen.

Dukiya ta shigo. Gidan zuhudun ya mallaki coci-coci da filaye har Sélestat a Alsace, har Horsham St Faith a Ingila, har cikin Sifen da Italiya. A tsakiyar ƙarni na 11, zamanin shugaba Odolric, aka fara cocin da ke tsaye yau, aka kammala a farkon ƙarni na 12. Tsarinsa na karɓar taro ne: an bar hanya ta zagaye bayan wurin da ƙasusuwan suke, jama'a su shiga ta nan su fita ta can ba tare da sun tare masu ibada ba. Irin tsarin ne a Saint-Sernin ta Toulouse da kuma ita Santiago ɗin. Da yake gangare bai ba da wurin miƙewa ba, sai magina suka taƙaita tsawon suka ƙara tsayi da faɗi. Dutse iri uku suka haɗa, toka-tokan na wurin, da ja, da wani rawaya mai daɗin sassaƙa da aka jawo daga Lunel. Shingen ƙarfen da ya kewaye wuri mai tsarki, ruwaya ta ce da sarƙoƙin fursunonin da suka kuɓuta suka kawo godiya aka ƙera shi.

Sassaƙar da ke saman ƙofa

Abin da ya fi tsayar da mutane shi ne sassaƙar da ke saman babbar ƙofa ta yamma, faɗinta mita 6.70, tsayinta mita 3.60, mutum 124 a ciki, kuma har yanzu ana ganin ragowar shuɗi da ja na fentin asali. Ranar hisabi aka zana yadda Kirista suka fahimce ta, don mutanen da mafi yawansu ba su iya karatu ba. Almasihu na tsakiya a zaune, hannun dama a sama, na hagu a ƙasa. Ta damansa komai a jere yake cikin natsuwa: Maryamu a gaba, Bitrus na biye, sai wani shugaban gidan zuhudu riƙe da hannun wani sarki da ake cewa Sharlaman ne. A wani lungu ga Foy ta durƙusa, sarƙoƙi na rataye a bayanta.

Ta hagu kuwa hargitsi ne, kuma nan masassaƙin ya zuba basirarsa. A ƙarƙashin ƙafafun Almasihu mala'ika da shaiɗan na awon ayyuka, shaiɗanin ya saci jiki ya danna ma'aunin da yatsa, amma duk da haka bai rinjaya ba. Wata dabba ta wage baki ana tura mutane ciki. An rataye marowaci da jakar kuɗinsa a wuya. Ana zare harshen mai gulma. Mai buga jabun kuɗi ana ɗura masa narkakken ƙarfe. Wani an ɗaure shi a sanda ana gasawa, zomo na riƙe da gefe ɗaya, ana fassara shi da mafaraucin da ya yi ɓarna a dajin da ba nasa ba. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a bar manya ba: ga sarki an tuɓe shi ana fizge kambinsa, ga jarumi ya faɗo daga doki, ga malaman coci an kama su cikin raga. Mutanen da suka biya kuɗin aikin sun yarda a sa irinsu a wuta a bakin ƙofarsu. A ƙasa an rubuta gargaɗi da Latin cewa masu zunubi, in ba ku sauya hali ba, ku sani hukunci mai tsanani na jiran ku.

Akwai wani ɗan abu da sai mai lura ke gani. A bakin rigar ɗaya daga mala'ikun da ke busa ƙaho an yi ado da haruffan Larabci na salon Kufi. Andalus ba ta da nisa, kuma yadudduka da kayan ƙira na Musulmi suna shigowa ta wannan hanya ta Sifen, masu sana'a suna kwaikwayon abin da suka ga ya yi kyau.

Yadda garin ya zube

A 1341 an ƙirga gidaje 730 a Conques, wato mutum wajen 3,000, da ganuwa da ƙofofi, uku daga ciki suna nan har yau: Barry, Vinzelle da Fer. Daga nan sai gangara. Annobar 1348 ta share jama'a. Yaƙin shekara ɗari tsakanin Faransa da Ingila ya lalata tsaron hanyoyi, har yarjejeniyar 1360 ta miƙa Rouergue ga Ingilishi na ɗan lokaci. A 1537 aka sauya tsarin gidan, 'yan zuhudu suka ba da wuri ga malaman coci waɗanda ba su da tsauraran dokoki, da yawansu ma ba sa zama a garin. A 1568, cikin yaƙin Katolika da Furotesta, aka cinna wa cocin wuta. Annoba ta sake dawowa a 1628. Masu ziyara suka ɗauke ƙafa, garin ya koma kan ƙasar da tun asali ba ta iya ciyar da shi. Kafin juyin juya halin 1789, mazaunan ba su kai dubu ba, bara ta yi yawa.

To a nan ne amsar tambaya ta biyu take. Garuruwan da suka ci gaba da arziki sun rushe tsofaffin gine-ginensu sun yi na yayi. Conques ba ta da kuɗin rushewa, ba ta da na sabuntawa, sai aka bar komai yadda yake. Ba ina yabon talauci ba ne, domin waɗanda suka kwana da yunwa a gidajen nan ba su yi haka don mu zo mu ɗauki hoto ba. Amma gaskiyar ke nan.

Sai kuma abin da talakawan garin suka yi da kansu. A 1792 gwamnatin juyin juya hali ta ba da umarnin a tattara zinariya da azurfar coci-coci a narkar don a buga kuɗi a yi yaƙi. Haka taskokin manyan coci-cocin Faransa da dama suka salwanta. Mutanen Conques kuwa suka rarraba kayan a tsakaninsu cikin dare, wani ya cusa a bango, wani ya binne a lambu, wani ya ɓoye a ɗakin busar da 'ya'yan itacen nan. Da ƙura ta lafa suka fito da su suka mayar. Mutanen da burodi ke gagara, an ba su ajiyar zinariya ba shaida ba takarda, suka dawo da ita. In ana lissafin waɗanda suka gina Conques, ni a ganina sunansu ya kamata ya zo kafin na sarakuna.

Duk da haka ginin ya kusa tafiya. Wajen 1830 aka rushe mafi yawan farfajiyar 'yan zuhudun da shugaba Bégon na Uku ya gina tsakanin 1087 da 1107. A 1837 Prosper Mérimée, babban sufeton gine-ginen tarihi na ƙasa, ya iso garin, ya rubuta wa gwamnati cewa bai taɓa zaton samun dukiya irin wannan a cikin irin wannan daji ba, kuma in ba a yi sauri ba cocin zai faɗi. Da aka fitar da jerin farko na gine-ginen da hukuma za ta kare a 1840, Conques na ciki. A 1873 bishop na Rodez ya kawo wata ƙungiyar 'yan zuhudu, Prémontrés, waɗanda har yau su ke kula da ibada da saukar baƙi. Hasumiyoyi biyu na gaba da ake gani a kowane hoto ma a 1881 aka ɗaga su, ba na asali ba ne.

An ceto dutse, mutane sun tafi

Gyaran coci bai tsayar da kowa ba. Gundumar Aveyron ta kai mutum 415,000 a 1886, yau tana wajen 280,000. A ƙarshen ƙarni na 19 wani ƙwaro mai cin saiwar inabi ya kashe gonaki. Samari suka nufi ramukan kwal da masana'antun Decazeville da ke kusa, wasu suka tafi Paris suna sayar da gawayi da abin sha har suka mamaye sana'ar gidajen shan kofi, wasu iyalai kuma suka tsallaka teku suka kafa garin Pigüé a Ajantina a 1884. Yaƙin duniya na farko ya kwashe na kwashewa. Ita Decazeville ɗin ma an rufe ramin kwal ɗinta na ƙarshe a 2001.

Abin da ya dawo da rai shi ne abin da ya kawo shi tun farko, wato baƙi. Tafiyar Santiago da ƙafa ta farfaɗo daga shekarun 1980, tsohuwar hanyar Le Puy ta zama hanyar masu yawo da aka yi wa lamba GR 65. Yau za ka ga mutum da jaka a baya da sanda a hannu, wani don addini, wani don ya huta da hayaniyar birni, yana gangarowa garin da yamma, a buga masa hatimi a 'yar takardar tafiyarsa, ya kwana a masaukin da ke bayan coci. Da safe ya tsallake gadar dutse ta 1410 a kan Dourdou, ya hau gangaren tsallake, in ya kai ɗan ɗakin ibada na Sainte-Foy, wato Waliyyiya Foy, ya kaɗa ƙararrawa. A 1998 UNESCO ta sa cocin da wannan gada cikin kayan tarihin duniya, a ƙarƙashin hanyoyin Santiago na Faransa. Garin kuma na cikin ƙungiyar ƙauyuka mafi kyau na Faransa da aka kafa a 1982, wadda ba ta karɓar kowa sai ƙananan ƙauyuka.

Ƙari na ƙarshe da aka yi wa cocin ya jawo gardama. Pierre Soulages, mai zanen da aka haifa a Rodez a 1919 ya rasu a 2022, ya sha faɗin cewa a cikin wannan coci, yana ɗan makaranta, ya yanke shawarar zama mai zane. Tsakanin 1987 da 1994 ya yi wa cocin tagogi 104. Jama'a da dama sun sa ran gilashi mai launi da hotunan waliyyai kamar yadda aka saba, sai ya kawo wani gilashi fari-fari da aka ƙirƙira musamman, haske na ratsa shi amma ba a ganin waje, babu hoto ko ɗaya sai layuka. Wasu 'yan garin sun yi fushi. Ni ina ganin ya yi daidai, domin gilashi mai launi da ya rufe launin duwatsun nan uku da magina suka wahala wajen haɗawa.

Wa ke riƙe da ƙauyen yanzu

Mutanen Nijar sun san tsarin, don irinsa suka gada: kowane ƙauye a Faransa ƙaramar hukuma ce mai magajin gari da majalisa, ana zaɓe duk shekara shida. Tun 1789 aka kafa su, yau suna wajen 35,000, kusan rabinsu ba su kai mutum 500 ba. Dokar 1905 da ta raba addini da gwamnati ta bar tsofaffin coci-cocin ƙauyuka a hannun waɗannan ƙananan hukumomi, malaman addini amfani kawai suke yi da su. Ma'ana, nauyin rufi da bango na gini mai shekara 900 ya faɗa a wuyan hukumar da masu biyan harajinta ba su cika 300 ba, ko da yake gwamnatin ƙasa da ta yanki suna sa hannu sosai a manyan gyare-gyare.

Wannan na cikin dalilan da suka sa ranar 1 ga Janairun 2016 Conques ta haɗe da maƙwabtanta uku, Grand-Vabre, Noailhac da Saint-Cyprien-sur-Dourdou, suka zama hukuma ɗaya mai suna Conques-en-Rouergue, mai mutum sama da 1,500. Conques ta kawo suna da baƙi, Saint-Cyprien da ke kan fili a bakin kogi ta kawo jama'a da kantuna na yau da kullum. A tsohon garin, yawancin shagunan na baƙi ne: kayan tsaraba, gidajen abinci, ɗakunan kwana. Gidaje da dama na mutanen birni ne da ke zuwa hutu. Baƙo ba ya shiga da mota, sai ya ajiye ta a bakin gari ya biya. Wanda ke son gyara tagarsa ko rufinsa sai ya nemi izinin jami'in kula da gine-ginen tarihi, kuma rufin dutse ya fi na zamani tsada nesa ba kusa ba, abin da ke sa matashi mai sabon aure ya gwammace ya yi gini a ƙasa kusa da titi. Daga watan Afrilu zuwa Oktoba, watan da ake bikin Sainte-Foy, titunan a cike suke. Da sanyi ya shigo yawancin shagunan sai su rufe. A 2020, da annobar korona ta sa aka kulle Faransa daga tsakiyar Maris zuwa Mayu, daidai lokacin da masu tafiya ke fara fitowa, babu wata sana'a ta biyu da garin zai jingina da ita.